Ranar Da Aka Share Maisuna

Wata rana wata tsohuwa mai suna Tabawa ta tsaya gaban tagar ɗakin kati na wani asibiti, tana neman fuskar ɗanta.

Shi kam ya daɗe a ƙasa. Hotonsa take nema.

Ambaliyar bara ce ta tafi da ɗakinta, har da akwatin da hotunansa ke ciki. Ga tsufa ya fara yi mata sata. In ta rufe ido don ta gan shi, goshinsa ne ke zuwa, sai haƙorin nan nasa da ya gutsure. Sauran fuskar ta ƙi zuwa.

Sai ta tuna asibitin nan ya taɓa ɗaukarsa hoto. Mai sikila ne, wurin ya zama gidansu na biyu.

Ku masu latse-latsen waya ba ku san kwamfutar da ba.

Lokacin da Tabawa ta fara kai shi, yana goye a bayanta, guda ɗaya ce tal a asibitin. Ɗakinta daban, mai sanyi, ma'aikaci ma sai ya tuɓe takalmi kamar zai shiga masallaci. Rubutunta kore ne a kan baƙin gilashi. A zura mata faifai ta yi ta gurnani, in an tashi aiki a lulluɓe ta da zane kamar amarya.

Ma'aikacin ya tambayi sunan yaro. Tabawa ta sunkuyar da kai.

Ɗan fari ne. Kuma sunan surukinta aka sa masa. Kunya biyu a kan suna ɗaya, ta ina bakinta zai ɗauka?

Ta ce, "Mai suna ne." Wato mai sunan Malam, surukin nata.

Layi ya yi tsawo, mutumin bai tsaya bin ba'asi ba. Ya buga MAISUNA, ya bar gurbin sunan uba fayau.

Haka sunan ya bi yaro. Aka bar faifai, aka kawo manyan na'urori da suka haɗa ɗakin likita da ɗakin magani, aka kwashi Maisuna aka zuba can. Aka fara ɗaukar hoto, aka maƙala masa nasa.

Ya yi gemu yana Maisuna. Ya rasu yana Maisuna.

To, ga Tabawa yau a bakin taga. Ma'aikaciyar, Rumasa'u, ta buga Maisuna. Babu.

"Iya, wannan ba suna ba ne. Na'urar yanzu cikakken suna take so."

Tabawa ta waiga. Mutane cike da benci, kowa kunnensa a buɗe. Tun ranar da aka raɗa wa yaron nan suna bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko ranar da aka fita da makararsa, "Mai suna ya tafi" ta ce.

Ta riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu.

"Zakariyya'u. Zakariyya'u Isiyaku."

Muryar ta fito kamar ba tata ba.

Rumasa'u ta buga. Ta sake bugawa. Babu.

Sai aka kira Malam Haladu, dattijon da ke ɗakin tun zamanin koren rubutu. Ya durƙusa ya gaishe ta, don ya gane ta.

"Iya, na tuna shi. Shi ke ce mini kwamfutata ta fi marasa lafiya shan sanyi."

"To, fito mini da shi."

Haladu ya kau da kai.

"Da aka koma sabon tsari, wanda ke ajiye komai a intanet, an ce duk wanda ba shi da sunan uba shara ce a cikin bayanai. Su Maisuna, su Ɗangida, su Auta. An share su."

"Faya-fayan da fa?"

"Danshi ya cinye su. Ko suna nan, babu na'urar da ta san yarensu yanzu."

Tabawa ta saki ƙarfen tagar.

"Ashe shara na goya, Haladu."

Ba ta yi kuka ba. Irinsu ba sa yi a gaban mutane. Ta gyara mayafi ta fita.

A hanya, wata maƙwabciyarta ta ji ta tana magana ita kaɗai, a hankali. Ta matso ta kasa kunne.

Sunan take ta faɗa. Tana kira, ko sauran fuskar za ta amsa.

Darasi: Kwamfuta ba ta san kunya ba, ba ta san ɗan fari ba. Abin da ka ba ta shi take riƙewa, shi ma iyakarsa ranar da aka sauya mata tsari. Kunya ado ce, ban hana ku ba. Amma ku masu zama bayan taga, in uwa ta sunkuyar da kai, ku nemi wani ya faɗi sunan a madadinta. Kafin kuma ku danna sharewa, ku tuna kowane layi wata ce ta yi naƙudarsa.

Tura wa duk wanda ka sani yana aiki da sunayen mutane. Ya karanta kafin ya koma bakin na'ura.