Rigar Yaya Hajara

A gidanmu na Daura, da an sauke tuwo bayan magariba sai mu kewaye murhu, kakarmu Iya Abu ta miƙe ƙafafu ta ɗauko tatsuniya. Tsohuwa ce mai tsokana, ba ta barin kowa ya sha ruwa, ga ta da ɗinkin hannu tun tana budurwa.

A shekarar da nake tunawa, yayata Hajara ta daina zama cikinmu. An haife ta da doro, ta kuma kai lokacin da yarinya ke fara duba madubi. Duk rigar da tela ya ɗinka mata sai ta ɗage ta baya, ta zubo ta gaba, yara su yi ta dariya. Bikin 'yar kawunmu na Kongolam ya matso, an sayo mata atamfa, ta ce ita ba awo ba zuwa. Innarmu ta yi lallashi, ta yi faɗa, duk a banza.

Ran nan Iya ta ɗaga murya yadda za a ji har ɗaki. Ta ce wai akwai wata aljana mai ɗinki a cikin kogon kuka, rigarta ba ta da na biyu. Sharaɗinta ɗaya: yadda ka tsaya aka auna ka, haka rigar za ta riƙe ka har abada. Wata ta zo ta shanye ciki, har yau ba ta ƙara cin tuwo ta ƙoshi ba. Wata ta miƙe wuya, ta kasa sunkuyawa ta ɗauki ɗanta. Sai ga wata yarinya mai lanƙwasasshen baya.

Nan Iya ta yi shiru. Muka ce, "Iya, sai me?"

"Ai wannan wurin ba ya faɗuwa da baki, sai an gwada. Ke Hajara, na san kina laɓe a bakin ƙofa. Fito ki ara mini bayanki, in ba haka ba yaran nan su kwana ba su ji ƙarshe ba."

Muka yi ta roƙo har ta fito tana zumɓura baki. Ta tsaya, tana ƙoƙarin miƙewa.

"A'a, ƙawata, so kike aljana ta ƙamar da ke? Saki jikinki. Ja numfashi."

Iya ta ɗauko igiyar rama. Ta auna kafaɗa zuwa kafaɗa ta ƙulla, ta zagaya ƙirji ta cusa yatsu biyu, wai wurin numfashi, ta ƙulla. Ta auna gaba daga wuya zuwa ƙugu, sannan ta bi bayan a hankali, ta kan doron, duk tana cewa haka aljana ta yi. Igiyar baya ta fi ta gaba tsawo sosai. Ta sa aka warware takardar buhun siminti, ta zaro gawayi daga murhu ta fara zane. Ta ƙara wa baya tsawo da faɗi, ta yi alamar inda za a tsuke a kafaɗa, ta rage gaba.

Wallahi a hasken wutar nan na ga yayata ta fito a kan takarda, ba fuska ba hannu, amma ko wane ne ya gani ya san ita ce. Hajara ta durƙusa tana kallo. Can ta tambaya, "To ita yarinyar fa?"

"Ta sa rigarta ta tafi biki mana."

Da takardar nan Iya ta yanka atamfar. Rigar ta zauna daram, Hajara ta je Kongolam, har rawa ta yi.

Yau ni tela ce, da tef ɗin awo da fensir nake aiki, kuma duk sa'ad da na zana baya sai na tuna wannan daren. Bayan rasuwar Iya na tambayi tsofaffin unguwarmu labarin aljanar kuka, don ina so in ba 'ya'yana shi daidai. Ba wadda ta taɓa jin sa. Na faɗa wa Yaya Hajara cikin mamaki, sai ta yi murmushi.

"Sai yanzu kika gane? Ni tun ina bakin ƙofa na san domina ta ƙirƙira shi. Shi ya sa na fito."