Ajuji a Bakin Rafi

A wani ƙauyen Maguzawa da ke gefen Malikanchi aka haifi Ajuji, zamanin da ake kai gyaɗa Ikara a kan jaki. Duk 'ya'yan da uwarta ta haifa kafin ita sun mutu tun ba a yaye su ba. Tsofaffi suka ce wabi ne: iskoki ke ɗauke duk ɗan da suka ga ana so. Saboda haka ranar da ta zo duniya ba a yi guɗa ba. Aka naɗe ta a tsumma aka ajiye a kan juji bayan gida. Ƙanwar ubanta, Talatu, ta zo wucewa kamar ba ta san komai ba, ta ɗauke ta, ta ce ta tsinci abin da ba mai so. Haka ta rayu, haka kuma ta sami suna.

Tun tana ƙarama aka ja mata kunne cewa ranar da iskoki suka gane tana da daraja a wurin wani, ranar za su dawo. Da wannan ta girma. Ba ta ɗaura zane sai wata ta fara ɗaura shi ya koɗe. Ranar aurenta ba a sa mata lalle ba. In mai saye ya yabi man gyaɗarta a kasuwa, sai ta yi maza ta ce tsoho ne, ya ma fara wari. Mijinta, kafin rasuwarsa, in yana so ya faranta mata rai sai ya kira ta mummuna.

Da mutanen ƙauyen suka karɓi bishara, ita ma ta riƙa zuwa sujada a coci, tana zama can baya kusa da ƙofa. Shekara da shekaru tana saurare, har labarin Yesu ya shige ta. Ta daina yanka zakara a gindin tsamiya, ta ba da gaskiya. Baftisma ce kawai ta gagara. Ta ga yadda ake yi: a tsai da mutum cikin rafi a gaban jama'a, a kira sunansa da ƙarfi, a ce ga wanda Allah ya ƙaunata, ya fanshe shi da jinin Almasihu. A wurinta babu tonon asirin da ya kai wannan.

Wata rana Fasto Yahuza ya same ta tana toya ƙuli-ƙuli. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Inna, bana ma a bakin rafi za mu bar ki kina kallo?"

Ta ce, "Malam, ba a yi a ɗaki ne? Da ruwan buta, a hankali, ba wanda ya ji?"

"Sabuwar haihuwa ce, Inna. Shaida ce a gaban kowa."

"Ni kuwa a ɓoye aka yi tawa ta fari, shi ya sa kake ganina."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba zan ce miki ba za ki mutu ba, ni ma zan mutu. Abin da na sani, wanda ya saye ki ya fi ƙarfin waɗanda kike ɓuya musu."

Maganar ta hana ta sakat har ta amsa. Da labari ya kai kunnen Goggo Talatu, wadda ta tsufa har idonta ya tafi, sai ta sa aka kira ta.

"Ke 'yar banza," in ji ta, "na ƙare ƙuruciyata ina zagin ki don ki rayu, yanzu za ki je a yabe ki? A rafi kuma, ƙofar gidan iskoki?"

"Goggo, na gaji da ɓuya."

"To, ki gaji mana. Ni ce na wanke gawar yayyenki, ke ba ki gani ba."

Ranar Ista bazara ta yi tsanani, rafin ya janye sai wani gurbi mai duhu a ƙarƙashin itatuwa. Matan zumunta na coci suka sa mata farar riga sabuwa fil daga wurin tela. Ajuji ta ji kamar an kunna mata fitila a ka. Kowace iska ta kaɗa ganye sai ta waiwaya. Fasto ya tambaye ta a hankali ko tana son sabon suna. Ta ce, "In za a faɗa, a faɗa da wanda suka sani."

Ya faɗa, har tsallaken rafi aka ji. Da ruwan ya rufe kanta ta ji laka ta riƙe mata ƙafa, ta ce a ranta shi ke nan, sun zo. Sai ga hannu ya ɗago ta, mata na buga tulu suna waƙa, ita kuwa tana tari.

Makon bai ƙare ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Ƙauye ya yi tsit. Goggo Talatu ta aiko a cire mata komai, a shafa mata toka, a ce ba a san ta ba. Ajuji tana karkarwa, haƙoranta na haɗuwa, ta ce a'a. Aka ɗora ta a babur zuwa asibiti a Ikara. Duk hanya idonta a rufe, tana jiran abin da ta jira tun tana yarinya. Likita ya ce cizon sauro ne. Ta sha magani ta tashi.

Har yanzu tana nan tana sayar da mai. In guguwa ta ratso kasuwa takan daskare har ta wuce. Wata mata ta tambaye ta ko tsoron ya tafi.

Ta ce, "Yana nan. Sai dai in sun zo yanzu, ba ni za su tambaya ba. Ina da mai ni."