Kunnen da Ya San Muryar Babaji

Kowace safiya, idan rana ta ɗan ɗago, Malam Salihu yakan buɗe shagonsa na Ƙofar Sauri, ya fito da benci, ya koma ciki ya kama aikin da ba wanda ya sa shi. Yakan ɗebo kaset goma daga cikin kwali, ya zura biro a ramin kowanne, ya juya zaren tun daga farko har ƙarshe don kada ya manne. Wanda funfuna ta kama ya goge shi da auduga. Wanda ya tsinke ya daidaita bakinsa da reza ya liƙe. Gobe wasu goman. Kafin ya kai kwalin ƙarshe wata huɗu sun wuce, sai ya dawo na farko. Shekara arba'in da biyar ke nan yana yi wa muryoyin mutane hidima, talatin a ɗakin ɗaukar murya na wani gidan rediyo, sauran a wannan shago da ko allon suna ba shi da shi. Ƙarshen watan nan zai rufe. Na jira in ga ko wani zai rubuta masa layi biyu, ban gani ba, shi ya sa na ɗauko alƙalamina na tsohuwar malamar tarihi.

Mafi daraja a kwalayen nan su ne waƙoƙin marigayi Babaji Mai Kukuma. Yaran yanzu sun san sunan, amma ba su san abin da ya sa muke tsoron bakinsa ba. Babaji ba ya yabon wanda bai cancanta ba, ko da kuwa an cika masa gida da kyauta. Saboda haka a garin nan waƙarsa ta zama kamar shaida. Idan ana gardama kan halin wani, sai ka ji an ce, "Ai Babaji ya faɗa," magana ta ƙare. Malam Salihu ne ya riƙe masa makirfo shekara goma sha shida, a gidajen biki, a dandali, har a rugage inda sai an ɗora rikoda a kan turmi. Kuma duk waƙar da ya ɗauka sai ya rubuta ta a wani babban littafi mai baƙin bango: ranar, wurin, gidan wa, su wa suka yi amshi. Waƙa ɗari biyu da goma sha huɗu.

Shekara biyar kafin rasuwarsa Babaji ya rataye kukuma, ya ce ya isa haka, zai fuskanci lahira. Ranar ya kira Malam Salihu zaure, gaban mutane, ya ce masa, "Salihu, abin da na faɗa na faɗa, ni za a tambaya gobe. Ka riƙe mani shi yadda yake. Kada ka rage, kada kuma ka bari a ƙara mani." Malam Salihu ya ce ya ɗauka. Lokacin abin dariya ne ma, don wa zai iya ƙara wa mutum waƙa bayan ya rufe bakinsa?

Shekara biyu da suka wuce wasu masu shirya fim suka zo shagon, tare da Haliru, autan Babaji. Sun yi wani fim na ƙagen kimiyya wanda ya karɓu, labarin mutanen da duniya ta ƙone musu suka shiga kumbo suna neman wata. Yanzu za su yi kashi na biyu, kuma suna so kwamfuta ta sake gina Babaji, fuska da murya, ya fito cikin kumbon ya yi wa matafiyan sabuwar waƙa. Iyali sun sa hannu. Saura kaset masu kyau da na'ura za ta koyi muryar da su.

Malam Salihu ya ba su ruwa, ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce, "Sabuwar waƙa? Wa ya yi ta?"

Babbansu ya ce akwai marubuci a cikinsu, yaro mai basira.

"To ai sai ya rera abinsa da bakinsa."

Haliru ya sa baki. "Haba Baba Salihu, ɗaukaka ce fa. Har ƙasashen waje za a ga Baba."

"Haliru, ubanka bai bar mani ɗaukaka ba, amana ya bar mani. Ku tahi lahiya."

Suka tafi lafiya, kuma ba su rasa komai ba. Waƙoƙin Babaji sun cika wayoyin mutane, suka tattara abin da suka samu, na'ura ta koya. Da fim ya fito aka gayyace mu kallonsa a wani babban zaure a GRA, har da ni, wai a matsayin uwa a harkar ilimi. Na ga Babaji cikin farar riga mai walƙiya, taurari na wucewa ta taga bayansa, fuskarsa sumul, haƙoransa cif. Babajin da na sani yana da giɓi, goro kuma ya rina sauran. Mutane suka yi ta kuka da tafi. Masu jawabi suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna cewa mawaƙi ba ya mutuwa, an raya al'ada, an dawo mana da namu. Ni dai na je gaisuwar Babaji, na ga matarsa cikin takaba. Mawaƙi yana mutuwa. Kuma a iya karatuna ban taɓa ganin al'adar da aka raya ta hanyar sa matacce ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Ban zargi masu fim da mugun nufi ba, waƙar tasu ma ba ta zagi kowa ba. Amma sun nuna hanya. Cikin 'yan watanni duk mai waya da ɗan wayo yana iya sa Babaji ya rera abin da ya ga dama. Da farko raha ce: Babaji yana tallar taliya, Babaji yana yabon 'yan ƙwallo. Sai aka wayi gari Babaji yana zambo.

Haulat ɗalibata ce a da, yanzu ma'aikaciyar jinya. Mahaifinta, marigayi Malam Ɗanjuma, ya yi shekara ashirin yana kula da siton abinci a wata makarantar kwana, ya mutu a gidan ƙasa mai ɗaki uku. Sai ga waƙa tana yawo, muryar Babaji raɗau, tana kiran sunansa da na unguwarsa, tana cewa ya sace hatsin 'yan makaranta. Ba a san wanda ya haɗa ta ba. Aka ce tsohuwar waƙa ce da aka ɓoye. 'Ya'yan Haulat suka daina son zuwa Islamiyya, don da sun shigo ake fara rera musu amshin. Ta zo gidana idanunta sun kumbura, ta ce, "Malama, ni na san ubana. Amma in Babaji ya faɗa, wa zai saurare ni?" Na ce ta ɗauki mayafinta mu je Ƙofar Sauri.

Muka gaisa da Malam Salihu gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da yara da aiki, ya yi wa mahaifinta addu'a, don ya san shi. Sannan ya karɓi wayar ya kara a kunne. Ya saurara sau ɗaya, ya sake, ya sake. Ya ajiye.

"Ɗiyata, share hawayenki. Wannan ba mutum ba ne."

"Baba, muryarsa ce fa."

"Muryarsa ce, amma ba shi ba ne. Saurara. Tun da aka fara, kin ji inda ya ja numfashi? Minti huɗu ba numfashi. Kuma izgar kukuma ba ta wuce minti uku ba a goga mata ƙaro ba, sai ta fara kuka kamar ƙofa. Babaji yakan tsaya ya goga, yana yi yana gaida mutanen wurin. Nan ba a tsaya ba, ba a gaida kowa ba, don babu kowa a wurin." Ya jawo baƙin littafin ya buɗe mata. "Ga su nan duka. Zambo yakan yi, ba zan ɓoye maki ba. Amma bai taɓa kama sunan mutum ba, sai dai ya ce wani mai jar hula. Nemo mani sunan ubanki a nan."

Ta bi shafukan da yatsa har ƙarshe. Ba ta samu ba. Na ga kafaɗunta sun sauko.

Da a nan labarin ya tsaya da na ji daɗin rubuta shi. Amma Malam Salihu ya ce sanin Haulat kaɗai bai wanke mamatan nan biyu ba. Washegari bayan la'asar ya ɗauki rikodarsa da littafinsa, ya hau Keke Napep zuwa majalisar da ke Ƙofar 'Yandaka, inda aka fi kunna waƙar. Yari tela, wanda shagonsa ke kallon wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce Malam ya kunna waƙar da ke waya, sannan ya kunna kaset na gaske, ya nuna musu numfashin, ya nuna musu wurin ƙaro. Dattijai biyu suka gyaɗa kai. Sai wani mai sayar da kayan waya ya ce, "Baba, wannan naka ai kamar ana soya ƙosai a ciki. Shuuu kawai nake ji. Naka ne ma ya fi kama da jabu." Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ga Haliru nan zaune, ɗa ai ya fi kowa sanin muryar ubansa, a tambaye shi.

Haliru yana da shekara shida lokacin da mahaifinsa ya daina waƙa. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Wallahi Baba Salihu, kada ka ji haushi. Duka biyun ni Baba nake ji."

Yari ya ce Malam Salihu ya rufe littafinsa. Ya naɗe wayar rikodarsa a hankali, ya yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, har da mai maganar ƙosai.

Mun saba gaya wa yara cewa ƙarya takan tonu da kanta idan aka yi haƙuri. Ni ma na koyar da haka a aji shekara talatin, kuma yau ina neman afuwar ɗalibaina. Ƙarya ba ta tonuwa sai an sami mai tona ta, kuma sai an sami masu son a tona. Haulat ta roƙi Malam ya rubuta mata shaida a takarda. Ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa, ya sa hannu. Tana yawo da ita a jaka. Ta ce mini zuwa yanzu mutum goma sha ɗaya ne suka yarda suka karanta har ƙarshe. Waƙar kuwa, har a Maraɗi an ji ta.

Ga kuma dalilin rufe shagon. Kunnensa na hagu ya mutu tun bara. Watan jiya likita ya gaya masa na dama ma yana bi, kuma ba abin da za a iya yi sai jinkirtawa. Bai gaya wa kowa ba sai da matarsa ta fasa ƙwai. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Malama, ba kurumcin nake tsoro ba. Ranar da wata za ta zo da waya tana kuka, in kara a kunne in kasa ce mata komai, ita nake tsoro. Gara in rufe da sauran mutuncina."

Malam Salihu, kai ne ka ce a'a ranar da duk gari ke cewa to. Kai ne ka riƙe wa matacce maganarsa shekara kusan talatin, ba mai dubawa, ba mai tambaya. Mai kunnen gaskiya, ba ka ci nasara ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa ka ci ba, don ka tsani a ƙara wa magana. An ƙara wa Babaji, ana kan ƙara masa, gobe kuma za a ƙara wa waninsa, wataƙila ni, wataƙila mai karanta wannan. Amma idan aka tambaye ka amanar da ka ɗauka a zauren nan, kana da amsa. Kuma akwai mace ɗaya a Katsina da ke iya ambaton sunan ubanta ba tare da muryarta ta yi rawa ba, saboda kai. Mun gode. Allah ya saka maka da abin da mu muka kasa, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma jama'a, ba na tsammanin za a yi tururuwa, na tsufa da irin wannan tsammani. Amma idan waƙar nan ta shigo wayarka, kada ka tura wa na gaba, wannan ko kurma zai iya. Idan kuma akwai mutum ɗaya, namiji ko mace, da ke son ya koyi yadda ake gane numfashin ɗan Adam a cikin waƙa, kwana goma sha tara suka rage, kuma Malam Salihu ya ce zai koyar da duk wanda ya zo. Har yau ba wanda ya zo. In ka je, ka zauna ta damansa, ka ɗaga murya.