Ranar da na ruɗe alwala

Ni ɗan Tamaske ne, ubana manomin albasa. Ina saurayi, sallar jam'i ba ta wuce ni. Abin da ya ɓata ni shi ne karambani, komi na gani sai na taɓa. Wata rana a kasuwar Bangi na kwance dabaibayin wani jaki, don kawai in ga ko mai shi zai lura. Bai lura ba, na maida. Kasuwa ta gaba na kwance wani, ban maida ba, na tafi da jakin.

Zamanin Nasara ne, kafin babban yaƙinsu. Can na gano wani abu game da mutanenmu: talaka ya fi tsoron shari'a bisa asarar jakinsa. In aka kama ni da jaki a hannu sai in ce, "Mu tahi gaban alƙali." Nan take mutum ya yi sanyi, ya ce ya bar ni da Allah. Shekaru ina cin wannan banza.

Sai ranar da na ɗauke jakin wani tsoho daga Azarori, wanda ke ɗauko masa ruwa daga rijiya mai nisa. Na yi masa barazanata, ya ce, "To, mu tahi."

A zauren wani alƙali a Madawa tsohon nan ya kasa magana. Ya ce jakin fari ne, ya koma ya ce ja. Na ce a raina, shi ke nan, na ci. Amma alƙali bai daka masa tsawa ba. Ya sa aka ba shi ruwa, ya ce, "Baba, zamna bisa tabarma. Yaya geronku bana?" Suka yi ta hirar damina har muryar tsoho ta dawo, ya faɗi tsagar kunnen jakinsa daidai. Sai dai ba shi da shaidu, rantsuwa ta faɗo kaina. In na dafa Alƙur'ani, jaki ya zama nawa.

Aka miƙo mini buta in yi alwala. Wallahi ban san tsoro ba sai ran nan. Na gama, na miƙe. Alƙali ya yafito ni kusa, ya yi ƙasa da murya yadda ko dogari bai ji ba.

"Ɗana, ka wanke ƙafa ba ka shafi kai ba. Wanda ya tashi cikin salla ba ya ruɗe alwala banza. Ba ni ba ka Littahin Allah ka halaka kanka. Mi ya faru?"

Da zagi ya yi, da na rantse, na san halina. Sai na ji hawaye, na faɗi gaskiya. Tsoho ya tafi da jakinsa, ni aka kai ni gidan kaso, na yi shekara biyu ina fasa dutsen hanya.

Duk zaman nan tambaya ɗaya ke cina: a ina ya koyi ganin tsoron mutum? Ran da aka sake ni, ƙofarsa na fara zuwa na tambaye shi. Ya yi dariya, ya ce, "An taɓa tsai da ni gaban kumandan, Baturen mulki, bisa ƙarar da ban san kanta ba. Aka tambaye ni sunan ubana, na manta."

Na tuba, na koma garkar albasa. Ku samari, kada ku kwance igiyar da ba ku kuka ɗaura ba, ko da wasa. In kuma Allah ya ɗora ɗayanku bisa buzun shari'a, ya tuna mai gaskiya ma yana rawar jiki. A ba shi ruwa tukuna, sannan a tambaye shi.