Yatsan Kawu da Mai Ɗorin Gwiwa

Mun tashi daga Kazaure ana idar da sallar asuba, ni da kawuna, zan kai shi wurin wani mai ɗori a bayan Gwiwa. Ba karaya ya yi ba. Ɗan yatsansa ne manuni na dama ya lanƙwashe kamar ƙugiya, ko a zaman tahiya ba ya miƙuwa, abin kuma yana cin ransa.

Wasan kurket ne ya ja masa, wanda wani ke jefa ƙaramar ƙwallo wani ya tare ta da sanda. Tun yana sakandare ya fara, ya shekara da shekaru yana buga wa jiha. Kaduna, Ibadan, Legas, duk ya zaga, amma ba a taɓa kiransa tawagar ƙasa ba. Shi ba jifan ƙarfi yake ba. Murza ƙwallon yake da wannan yatsa, ta tafi a hankali, tana dira ƙasa ta canza hanya.

Damina ta yi kyau, gero ya fid da kai har gindin duwatsu. A Roni muka sha koko da ƙosai, ƙosan nan ya ƙanƙance sai ka ce da cokalin shayi ake zuba shi. A Gwiwa muka ajiye mota muka hau acaɓa, don ruwa ya cinye hanya.

Mai ɗorin dattijo ne, muka same shi a zaure. Ya juya yatsan, ya latsa, ya ce, "Malam, wace sana'a ce ta ci yatsa haka? Dukanci?"

"Wasa ne, Baba."

"Wasa! To, zai miƙe, amma sai na karya na sake ɗorawa. Kuma zai sandare, ba zai ƙara murza komai ba."

Kawu ya zaro tsohuwar ƙwallo daga aljihu, ya roƙi aron turmi, aka kafa a ƙofar gida. Ya ja baya, ya jefa. Ƙwallon ta dira can gefe, har na ce a raina ya kuskure, sai ta juyo, ƙwas, ta daki turmin. Na saki baki. Tsohon ya miƙe tsaye ya ce, "Kai! Sake mu gani." Kawu ya sake, ya kuma sakewa, jama'a suka taru ana ta salati.

Wallahi nan na ce, "Kawu, don Allah mu koma haka."

Ya ce, "Na buga nawa. Sauran kwanan na salla ne." Ya shiga zaure ya miƙa hannu. Ni dai waje na tsaya, ban iya kallo ba.

Da la'asar muka shigo Kazaure, hannunsa ɗaure da kara. Na fita ina ganin lalura za mu je a raba shi da ita. Na dawo da sanin cewa aikin rayuwarsa ne ya ba da, da kansa, ba wanda ya tilasta shi. Ƙwallon kuwa, can ya bar wa tsohon.