Abdulhakeem da Saniya Mai Cin Ƙosai

Abdulhakeem taubashina ne, don haka ina da lasisin faɗin gaskiya a kansa. Mai gyaran waya ne a bakin kasuwar Tambuwal, kuma tun yana yaro idan abu ya yi masa daɗi ba ya iya zama. Tsalle yake yi, yana tafa cinya, ko a gaban surukai ne.

A bayan shagonsa akwai wata tsohuwar kwamfuta da ke shan wutar sola. A kanta ya ɗora injin bincike nasa na kansa, irin wanda idan ka rubuta kalma yake tambayar wurare da yawa lokaci guda, ya tattaro maka amsoshin a shafi ɗaya. Mu dai mun ɗauka wasa ne, har ranar da ya ce zai sa injin ya riƙa neman dabbobin da suka ɓata.

Ya shirya da wani mai cajin waya a Jabo da wani a Fakku. Duk wanda dabbarsa ta ɓata, ko ya tsinci ta wani, sai ya je ya faɗa a shigar. Da farko rumbun bayanai mai gurabe ya yi musu: launi, ƙaho, shekaru. Abin ya ƙi. Makiyayi zai kawo sunan uwar saniya da na kakarta, manomi kuma abin da ya sani shi ne ta cinye masa dawa. Sai Abdulhakeem ya koma ga irin rumbun da ba shi da gurabe, wanda ke karɓar duk abin da aka zuba masa yadda aka faɗe shi. Ya buɗa wa kowane gari nasa, ya rubuta wa injin adireshinsu, ya jona. Ranar da amsa ta fara fitowa daga garuruwan uku tare, rawar da ya taka sai da ta kifar da shayin maƙwabcinsa.

Ana nan sai ga Inna Atu, wata dattijuwa mai kawo nono kasuwa. Saniyarta guda ce tak ta rage mata, ta kuma ɓata, ga shi danginta sun fara ɗaure kaya za su gangara kudu da shanu. In ba a gan ta ba, haka za ta bi su hannu rabbana.

Ya rubuta “fara”, shanu suka cika shafi. Ya rubuta “gajeren ƙaho”, babu tata.

“Inna, mi ag gare ta wanda babu ga sauran shanu?” in ji shi.

Ta ja mayafi ta rufe baki. Da ƙyar ta ce, “Ɗana, kak ka yi mini dariya. Ƙosai taka ci. Ni na ɓata ta tun tana maraƙa.”

Ina wurin, kuma wallahi na yi ƙoƙari, amma dariyar ta ƙwace mini. Shi ko gogan ya riga ya rubuta “ƙosai”. Amsa ɗaya ta fito, daga Fakku. Wani manomi mai suna Na'iya ya sa an shigar da kukansa kamar haka: wata farar saniya marar kunya ta addabi matarsa, kullum tana tsaye bakin kaskon suyar ƙosai, a zo a ɗauke ta don Allah.

Abdulhakeem ya daka tsalle har kansa ya bugi kwanon rufi. Ya rungumi kwamfutar, ya fita waje yana shaida wa masu kabu-kabu da ba su tambaye shi ba. Shi da kansa ya ɗora Inna Atu a bayan babur ɗin wani amininsa, ya ce a kai ta Fakku.

Bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara, ya buɗe murya don kowa ya ji. Na'iya ne, yana cewa tsohuwar ko sauka ba ta gama yi ba saniyar ta tsinke igiya. Muna jiyo kukan saniya, muna jiyo Inna Atu tana kiran sunanta da Fulatanci.

“A gaya ma yaron nan,” ta ce, “gobe da abata zan tafi.”

Na juya in tsokane shi, sai na ga ya zauna a kan benci yana share ido da hular kansa. Sai na zauna kusa da shi.