Takardar Likita a Hannun Yaya

Yayata ba ta iya zama ba. Ko shayi a tsaye take sha, ƙafa ɗaya ta riga ta nufi ƙofa, shi ya sa tun muna yara ake ce mata Gaggawa. Shekara goma sha bakwai ta yi tana harhaɗa magunguna a babban asibiti can inda muka fito. Da muka yi ƙaura zuwa ƙasar nan, aka juya takardunta gaba da baya, aka ce sun yi kyau, amma babu lasisi sai ta yi kwas na wata tara ta ci jarrabawa. Kafin nan wani kemis ya ɗauke ta aikin jera sabulu da man goge baki. Taku huɗu ne tsakaninta da kantar magani, ba ta da ikon tsallakawa. Ni abin nan ya daɗe yana ƙona mini rai.

Rubutacciyar jarrabawa kamar shan ruwa ta zo mata. Ta aikin ce ta kayar da ita har sau biyu, kuma sau uku kacal ake ba mutum dama. Ƙananan ɗakuna ne ake bi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tebur da waya. Wani da aka ɗauko ya yi kamar mara lafiya zai miƙo takardar likita, mai ba da maki na gefe yana rubutu, bayan minti bakwai a kaɗa ƙararrawa. Da gangan sukan dasa kuskure a takardar. Yaya kuwa kallo ɗaya take yi ta gano shi, ta zaro biro ta gyara, ta ba da magani daidai. Haka ta saba. Can likita ɗaya ne, layi har waje, wa zai tashi nemansa? Nan doka ta ce a kira likitan, shi zai gyara abinsa.

"To ai daidai na ba shi!" ta ce wa malamar kwas.

"Daidai ne, 'yar'uwa, amma ba hannunki ne zai gyara ba."

Sai muka mayar da falo ɗakin jarrabawa. Ni ce mara lafiya, mijinta ya yi kamar likita, yana can ɗaki riƙe da waya. Ta yi ta zagaya tebur kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai. Sau nawa na buge mata hannu ya nufi biro!

"Yaya, waya!"

"Ke dai yi tarinki, Auta, ban tambaye ki ba."

Ranar gwaji na uku na raka ta, na yi ta safa da marwa a baranda. Ta fito jiki a sanyaye.

"Shi ke nan, na faɗi," ta ce.

Takardar wani tsoho ce mai ciwon ƙoda, an rubuta masa ninki biyu na abin da jikinsa zai ɗauka. Ta kira likitan, ya ce haka yake so. Ta yi bayani, ya kafe. Ta ce ba za ta bayar ba, kuma ba ta taɓa takardar ba. Aka kaɗa ƙararrawa, tsoho ya tashi hannu rabbana.

"Ban taɓa sallamar mara lafiya haka ba. Kuma na san abin da ya kamata ya sha, Auta. Na sani."

Sati shida muna jiran sakamako. Ta kwance labulen gidan kaf ta wanke, ta sake jera kwanukana ba tare da na roƙe ta ba, har sai da muka yi cacar baki.

Saƙon ya same ta a wurin aiki, ta kira ni. Ta ci. A ɗakin tsohon nan ma ta fi samun maki. Na daka tsalle ina ihu, amma ita muryarta ba ta canza ba.

"Yaya, ba kya murna ne?"

"Ina yi mana." Na ji ta ja numfashi. "Tsohon nake tunani. Na san ɗan wasa ne, lafiyarsa ƙalau. Amma da na gaske ne fa, me zai sha ranar?"